Gwiwar Valdomiro

A bakin wata tsohuwa mai sayar da kifi Valdomiro Taveira ya fara jin cewa gwiwarsa ta lalace. Ya je kasuwar bakin teku da safe kamar yadda ya saba, da ƙafafunsa ya taka tun daga gida, sai tsohuwar ta ajiye wuƙarta ta dube shi da tausayi, ta yi masa sannu da jiki, ta ce ya riƙa shan romon ƙashi. Ya zaci ta ruɗe shi da wani ne. Ta goge hannu a jikin zaninta ta miƙo masa wayarta. Ga hotonsa, ga sanarwar kulob ɗinsa a ƙasa: mai tsaron bayansu ɗan Brazil ya samu mummunan rauni a gwiwar dama, ba zai sake taka leda ba a wannan kaka.

Ya karanta ya sake karantawa. Yana jin Japananci sosai, babu kalmar da ta shige masa duhu. Ya mayar mata da wayar, ya manta da kifin, ya juya.

Shekarunsa talatin da uku a lokacin. Tun yana ɗan ashirin ya bar garinsu, ya buga a ƙananan kulob-kulob na Portugal, ya buga a Cyprus, a Thailand, a Koriya, a China, kafin ya faɗo wannan ƙaramin garin masunta na arewacin Japan, inda kulob ɗinsu ke fafutuka a rukuni na biyu. Bai taɓa ɗaga kofin da za a tuna ba. Ba shi da gudun a zo a gani, ba shi da yanka. Abu ɗaya dillalinsa ke tallata shi da shi duk inda aka je: wannan mutum ba ya ciwo. A ba shi riga, zai buga kowane wasa daga farkon kaka zuwa ƙarshenta, ya sa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Da wannan sunan ya ci abinci duk tsawon shekarun nan.

Ya san inda maganar ta fito. A makon da ya gabata daraktan kulob ɗin, wani mai sanyin murya da ake kira Shibayama, ya kira shi ofis, ya zuba masa shayi da hannunsa. Ya daɗe yana yabonsa kafin ya zo kan batu. Kulob yana gab da faɗawa rukuni na uku, ƙwallo ta ƙi shiga raga, sun samo wani matashin ɗan gaba daga Brazil, amma gurbin 'yan ƙasar waje da doka ta ba kulob ya cika. Dole a cire sunan mutum ɗaya. Idan aka ce an kori Valdomiro, magoya baya za su yi surutu, domin suna son sa. Idan kuwa aka ce rauni ne, kowa zai yi shiru. Albashinsa ba za a taɓa ba har ƙarshen shekara.

Valdomiro ya ce a'a. Ya ce in suna so su sallame shi su faɗi gaskiya, zai kwashe kayansa, ba yau ya fara ba. Amma ɗan shekara talatin da uku da aka ce gwiwarsa ta tafi, ai an binne shi ke nan. Shibayama ya gyaɗa kai, ya ce ya fahimta ƙwarai, ya raka shi har bakin ƙofa yana rusunawa.

Kafin ya isa filin atisaye daga kasuwar, dillalinsa Gilmar ya kira. Wani kulob na Koriya da suka kusa gama magana da shi don shekara mai zuwa ya janye. Gilmar yana ta faɗa, wai me ya sa bai gaya masa ba.

"Gaya maka me? Ga ni nan ina tafe a kanta," in ji Valdomiro.

A filin ya tarar an cire rigarsa daga inda ake rataye ta. Ya wuce kai tsaye wajen Koci Kuramochi, wanda ke jera mazugan roba na atisaye a kan ciyawa. Kocin bai ɗago ba. Ya ce wannan magana ta sama ce, shi aikinsa horarwa. Valdomiro ya tuna masa wasan da suka yi cikin ruwan sama a watan huɗu, da aka fasa masa gira aka ɗaure ya koma fili, kocin ya rungume shi a gaban kowa ya kira shi ginshiƙin gida. Kuramochi ya ci gaba da jera mazugansa. Likitan kulob kuwa ya ce shi bai duba kowace gwiwa ba, bai rubuta komai ba, kuma yana roƙo kada a sa shi cikin wannan.

Shibayama ya zo da kansa bayan azahar. Ya ba da haƙuri cewa sanarwar ta fita kafin su ƙarasa magana, kuskuren ma'aikata ne. Amma tunda ta riga ta fita, janye ta zai kunyata kowa. Sannan ya juya ya karɓi wani abu daga hannun direbansa. Sandar dogarawa ce ta ƙarfe, sabuwa fil, da ledarta. Ranar Asabar akwai wasa a gida. Magoya baya sun shirya furanni. Abin da ake so kawai ya fito tsakiyar fili kafin a fara, ya karɓa, ya gode musu, ya roƙe su su mara wa sabon ɗan wasan baya.

Valdomiro ya dubi sandar. An taɓa zaginsa a filaye da harsuna iri-iri, an jefe shi da kwalba a Cyprus, an taɓa ajiye shi a benci wata da watanni a China don ya ƙi gaishe da surukin mai kulob. Duk waɗannan a fuskarsa aka yi su. Wannan kuwa da ladabi aka zo masa da shi, da hannu biyu aka miƙo. Ya so ya karya sandar a kan motar mutumin. Sai ya ga kansa ya karɓa.

Matarsa Sueli, 'yar Brazil ce mai jinin Japan, tana aiki a masana'antar sarrafa kifi ta garin, kuma 'yarsu tana makarantar firamare a nan. Da ta dawo ta ga sandar jingine da bango, ta dubi fuskarsa, ya ba ta labari. Ta ce masa ya yi abin da suka ce. Ta ce wannan ne gari na farko da suka zauna har yarinyar ta yi ƙawaye, kuma Shibayama ya taɓa yin zancen ba shi aikin horar da ƙananan 'yan wasa idan ya ajiye takalmi. Shekara nawa ma ta rage masa a ƙafa?

"Ko ɗaya ce, tawa ce," ya ce.

"Taka ce. Mu kuma fa, Miro? Ni na gaji da naɗe labule ana ƙaura."

Ta tashi ta zubo abinci. Suka ci shinkafa da wake kowa yana kallon kwanonsa.

A kulob ɗin yana da aboki ɗaya na gaske, gola Onodera, wanda ya girme shi, kuma tun tasowarsa bai taɓa buga wa wani kulob ba sai wannan. Kullum suna tsokanar juna, shi yana kiran golan tsohon gida, golan yana kiransa ɗan gudun hijira. Ranar Juma'a Onodera ya same shi shi kaɗai a ɗakin motsa jiki, yana ɗaga ƙarfe da ƙafar da aka ce ta lalace. Ya zauna ya kalle shi jim kaɗan, ya ce gurgu bai kamata ya fi masu lafiya ƙarfi ba. Valdomiro bai yi dariya ba. Ya tambaye shi ko 'yan wasa sun san ƙarya ce. Onodera ya ce kowa ya sani.

"Kuma babu wanda ya buɗe baki?"

"Kai za ka tafi, ko bana ko baɗi. Mu a nan za a binne mu," in ji Onodera. "Ka yi haƙuri, abokina. Ka ɗingisa na minti biyu ka wuce wurin."

Ranar Asabar filin ya cika fiye da yadda aka saba, saboda sabon ɗan gaban. Da aka kira sunan Valdomiro a lasifika, ya fito sanye da kayan atisaye, sandar a hammatarsa. Bai ɗingisa ba, amma a hankali yake tafiya, kuma jama'a sun ga abin da aka ce su gani. Suka miƙe suna rera sunansa. A can bayan raga wasu sun ɗaga ƙyalle da aka rubuta addu'ar samun sauƙi da harshensa, har da kuskuren rubutu. Wannan ƙyallen ya fi komai ƙona masa rai. Mutane ne da suka yini suna sauke kifi, suka zauna suka nemo kalmomin ƙasarsa, don ciwon da babu shi.

Shugaban magoya baya ya miƙa masa furanni, ya rusuna ya karɓa. Shibayama na tsaye a gefe yana tafi. Aka ba shi makirufo.

Ya ajiye furannin a kan ciyawa a hankali, ya kwantar da sandar kusa da su. Sannan ya zuba a guje. Ya nufi ragar hagu da duk ƙarfinsa, ya taɓa turken ragar, ya juyo a kan ƙafar dama, ya ratsa fili har ɗaya ragar, ya tsallake allon talla da tsalle ɗaya, ya sake tsallakowa. Da farko wasu sun yi dariya, sun zaci wani wasa ne aka shirya. Kafin ya dawo tsakiya, filin ya yi tsit, sai ƙarar tutoci a iska. Makirufon yana hannunsa har yanzu. Yana haki ya ce:

"Gwiwata lafiyarta ƙalau. Ban taɓa jin ciwo a cikinta ba. An cire sunana ne don a sa wani, kuma wannan hakkin kulob ne. Amma ƙarya aka yi muku. Na gode da furanni."

An kashe lasifikar kafin ya ƙarasa jimlar ƙarshe, waɗanda ke kusa ne kawai suka ji ta. Babu wanda ya yi tafi. Ya ɗauki furanninsa ya fita.

An ci su biyu da nema a wannan rana. Sabon ɗan gaban ya yi ta yawo a fili kamar wanda ya ɓace a tasha. Bayan wasa Valdomiro ya shiga ɗakin canja kaya don kwashe takalmansa, kowa ya sunkuyar da kai. Kyaftin ne ya yi magana, ya ce ya zaɓi ranar da suka fi buƙatar natsuwa ya wanke sunansa da mutuncinsu. Valdomiro ya ce mutuncin da suke magana a kai, mako guda yana kwance a ƙasa suna tsallake shi su shiga fili. Saura ƙiris su kai wa juna hannu, Onodera ya shiga tsakani, ya tura Valdomiro waje. A bakin ƙofa golan ya ce masa gaskiya ya faɗa, amma shi ba zai yafe masa wannan ranar ba.

Ranar Litinin aka soke kwantiraginsa bisa laifin zubar da darajar kulob. Shibayama ya fito gaban 'yan jarida ya sunkuya, ya ce an samu rashin fahimta tsakanin ofis da sashen lafiya. Ya ci gaba da zama a kujerarsa. Magoya baya suka rabu biyu: wasu suka daina zuwa kallo, wasu kuma suka ce baƙo ba ya sanin yadda ake gyara ɓarna a cikin gida. A titi wasu na gaishe shi, wasu na tsallaka hanya.

Hoton bidiyon gudun nasa ya zaga ko'ina, har Koriya. Gilmar ya kira kulob ɗin can ya ce to ga gwiwa kun gani. Suka ce sun gani, gwiwa ce mai kyau, amma ba sa son mutumin da ke karɓar makirufo. Haka aka yi ta ba shi amsa daga wuri zuwa wuri. Da Gilmar ya gaya masa, Valdomiro ya yi jifa da wayar ta bugi bango ta tarwatse, 'yarsa ta fashe da kuka a ɗaya ɗakin. Wannan ne abu ɗaya da ya yi nadamarsa a cikin lamarin gaba ɗaya.

Kulob ɗin ya faɗa rukuni na uku a ƙarshen kaka. Da ya ji, ya zaci zai ji sanyi a ransa. Bai ji komai ba sai ƙarin haushi, domin ya san ƙwallayen da aka zura musu a wasannin ƙarshe, da yana nan, da yawansu da kansa zai cire su.

Da sanyi ya wuce, wani kulob a Mongoliya ya neme shi, kaka ɗaya, fili mai ciyawar roba, ɗaki ɗaya shi da wani ɗan Serbiya. Sueli ta ce ita da yarinyar suna nan. Ba faɗa suka yi ba; ta haɗa masa kaya, ta sa masa wake da garin rogo a jaka, ta raka shi tashar jirgin ƙasa kafin ta wuce aiki.

A wasansa na farko a can ana iska mai yanka fuska, 'yan kallo ba su cika gefe ɗaya na fili ba. Wani matashin ɗan gaba ya zo masa da gudu yana kaɗa ƙafa. Valdomiro ya shiga masa da dukkan jikinsa, ƙwallo da mutum suka fita waje tare. Alƙalin wasa ya ɗaga katin gargaɗi. Sabon kocinsa ya yi ta yi masa alama da hannu daga benci wai ya sassauta, wasan bai kai haka ba. Valdomiro ya tofar da yawu, ya koma wurinsa, yana yi wa abokan tsaronsa tsawa da harshen da ba sa ji su matso gaba.