Fure da Tuta

"Babu sunanku a nan, Doña," in ji jami'in filaye, yana ture tsohuwar taswirar da bayan biro.

Doña Nemesia Xochipa ta gyara mayafinta ta ƙi tashi. Tun da safe ita da 'yarta Otilia suka hau motar birnin Tlaxcala, da taswirar da majami'ar ƙauyensu ta adana shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Sabuwar hanya za a yanka, kuma duk gonar da ba a nuna asalinta ba, ta cikinta kwalta za ta bi. Gonar Nemesia kuwa ba wata babba ba ce, amma masararta ta ci da ita shekara saba'in, kuma tana son abinta.

"Sake dubawa, yallaɓai," in ji Otilia.

"Na duba sau uku. Inda aka yi rubutu da Sifaniyanci asu ya cinye. Sauran duk ado ne, kawunan mutane da 'yan furanni."

Nemesia ba ta san ko harafi ɗaya ba, shi ya sa ko kallon takardar ba ta taɓa yi ba. Amma jin an ce furanni sai ta miƙa wuya. Ga gonaki nan an zana, kowace da kan mutum a gefenta, siririn zare ya tashi daga ƙeyarsa ya riƙe wani ɗan hoto. Ta bi rafi da ido har inda ya karya kwana wajen tasu gonar. Mai wurin hanci gare shi, tubarkalla, sak na babanta.

"Wannan fure ne da tuta," in ji jami'in. "Kin ga ai ba suna ba ne."

"Da bakinka ka faɗa, ɗana. Faɗi da harshenmu." Ta nuna furen. "Xochitl." Ta nuna tutar. "Pantli. Otilia, guntule wa kalmomin wutsiya ki haɗa."

"Xochi… pan." Otilia ta dafe ƙirji. "Kai, Inna! Mu ne!"

Jami'in ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa. Don ya gwada ta sai ya nuna wani kan, mai hoton malam-buɗe-littafi.

"Papalotl. Kakan su Papalotzi ke nan, masu iyaka da mu ta gabas. Ga shi nan kuwa ya matso cikin gonarmu, ashe halin gado ne!"

Dariya ta ƙwace wa jami'in. Ya jawo hatimi ya buga a takardar gonarta, ya ce kwalta sai dai ta kewaya. Daɗi ya kama Nemesia har tana jin sa a gwiwoyinta masu ciwo.

"Doña, a wace makaranta kika koyi wannan karatu?"

"Makaranta? Wata uku na yi, kullum ana bugun bakina don in daina wannan harshen." Ta jawo kujerarta kusa da teburin. "Matsa in ga na maƙwabta, kada ka cinye musu gonaki da sunan ado."