Hanyar da Ta Kauce wa Tungar Kyauta

Shekarar da En'e ta yanke shawarar fitar da hanyar mota daga Wurno zuwa Goronyo, babu wanda ya kai Ƙasimu tayar da jijiyar wuya a Tungar Kyauta. Shi ba mai gari ba, ba liman ba, manomin albasa ne kawai. Amma Allah ya yi masa baki, mai garin kuwa ya tsufa, ba ya ƙetare maganarsa. Ɗa ɗaya gare shi a duniya, Yusha'u, wanda uwarsa ta rasu ta bari yana rarrafe. A kan yaron nan Ƙasimu yana iya faɗa da kowa.

Labarin da ya iso shi ne, duk garin da hanya ta ratsa za a ɗebi mazansa aikin hanya, a kuma sa mai garin cikin kwamitin makarantar elementare, ya riƙa ba da yara. Kowa ya san mai gari ba jikokinsa zai bayar ba.

"Yau su ɗauki ƙarfinmu, gobe su ɗauki ɗiyanmu," in ji Ƙasimu a dandali. "Wa kunka gani ya tahi boko ya komo ya riƙa kalme ya yi noma? Ni dai ba a raba ni da Yusha'u ina da rai."

Shi ya kawo dabarar. Gabas da gari akwai wani kwari da dole hanya ta bi, busasshe ƙamas, ko da damina ruwa ba ya kwana a cikinsa. Ranar da 'yan safiyo za su zo awo, gari ya fita kaf. Mata da tuluna, maza da jakuna, aka yi ta jidar ruwa daga gulbi ana tuttulawa. Aka koro shanu suka tattake wurin ya zama taɓo. Har wani sarkin zaƙewa ya kamo kwaɗi ya zuba.

Da hantsi Baturen safiyo ya iso da tafintansa. Dokinsa na sa ƙafa ya lume. Ya sa aka tambaya ko haka wurin yake kullum.

"Ranka shi daɗe, wanga ai rani na," in ji Ƙasimu, ko ƙifta ido bai yi ba. "Da damana raƙumi na nutsewa nan."

Shi ke nan. Majalisar En'e ta karkatar da hanya ta kan tudu, ta bi ta Gidan Lauwali, wani ɗan ƙauye da mutanen Tunga ke yi wa dariya don ko rijiyar kirki ba shi da ita. Aka yanka rago, aka yi ta sa wa Ƙasimu albarka. Ya daɗe yana tafiya da ƙirji a gaba.

Sai motoci suka fara zuwa. Masu sayen albasa suka daina wahalar shiga Tunga, su tsaya bakin hanya a kawo musu. Kafin jakin mutumin Tunga ya iso, mota ta cika, albasarsa ta sha rana ta daku, a taya masa yadda aka ga dama. Maƙeri ya fara tashi, mahauci ya bi shi. Ba a ankara ba kasuwar ma ta kwashe rumfunanta ta koma Gidan Lauwali. Masu sa albarka suka zama masu kawar da kai in sun hango Ƙasimu, kamar ba da tulunansu aka yi aikin ba. Mutane ke nan.

Yusha'u ya girma, ya auri Larai, suka sami ɗa. Bai yi boko ba, ya riƙe kalme yadda uban ya so, kuma ya iya noma. Nomar ce ta daina riƙe gida. Wata rana bayan la'asar ya durƙusa gaban uban, ya ce wani falke zai ɗauke shi aikin awon albasa a Gusau, zai tafi da iyalinsa.

Ranar zaman majalisa Ƙasimu ya sa babbar rigarsa ya tafi Wurno, ya faɗi gaban hakimi, ya roƙi a yanko musu ko ɗan reshen hanya ne, mota ta riƙa leƙa su ranar kasuwa. Cikin 'yan majalisar akwai tafintan nan, ya yi furfura yanzu, amma bai manta ba.

"Baba, ba kai na kac ce raƙumi na nutsewa nan ba? Mi ya sake?"

Ƙasimu ya buɗe baki. In ya faɗi gaskiya, ya tona asirin gari duka, har da mai garin da ke kwance a kabari, kuma gidan yari na nan.

"Haka na, ranka shi daɗe," ya ce. "Babu abin da ya sake."

Ya dawo gida da baƙin cikin da bai taɓa jin irinsa ba tun rasuwar matarsa.

Yusha'u ya yi juyin duniya uban ya bi su, ya ƙi. Ya ce wa zai bar wa gona da kaburbura. Ranar tafiya ya karɓi jikan ya saɓa a wuya, ya raka su a ƙasa har Gidan Lauwali, yana ta ba yaron labarin banza. Suka tarar mota ta riga ta yi lodi, direba na zage-zage. Aka cusa Larai da yaron a kan buhuna. Yusha'u ya durƙusa a gefen hanya.

"Baba, yi mani addu'a."

Ƙasimu ya ɗaga hannuwa ya fara. Addu'a ce doguwa, ya daɗe yana shirya ta a ransa. Bai kai ko rabi ba direba ya danna ham, mota ta fara gangarawa. Yusha'u ya dubi uban, ya dubi matarsa da ɗansa suna nisa, ya tashi da gudu ya kama ƙarfen baya, yana waiwaye yana ihun wata magana da ƙarar inji ta cinye.

Tsohon bai sauke hannuwansa ba. Ya tsaya nan cikin masu talla da 'yan dako, ya kai addu'ar har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Ya ce amin da kansa, ya shafa.