Audu da Ruwan Tafki

Shekara ashirin Audu ya yi yana zana furanni da sunaye a jikin manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Issa, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Da ya tashi, hannun dama bai tashi tare da shi ba.

Wata biyar yana zaune a zaure. Ran nan ya ce wa matarsa Balaraba ta sayo masa kaye, wato littafin rubutu, da fensir biyu.

"Malam, da wane hannu?"

"Da wanda Allah ya bar mini."

Kullum da hantsi sai ya ja ƙafa zuwa bakin tafkin Madarunfa, ya zauna gindin wani gawo, ya danne kayen a gwiwa da shanyayyen hannun. Makon farko layin gaɓa kawai yake ja, yana fitowa kamar sawun maciji. Fensir ya yi ta karyewa, don hagun bai san ƙarfin kansa ba. Fiƙewa ma aiki ce: sai ya take fensirin da ƙafa, ya fere da reza.

Sannu a hankali itatuwa suka fara kama da itatuwa. Ruwan ne ya gagare shi. Duk yadda ya cika shi da baƙi, sai ya koma kamar gonar da aka kafce. Ya yage shafi ya fi talatin.

Wata safiya yatsunsa suka gaji tun bai kai ga ruwan ba. Ya tsaya yana duban takardar: itatuwa can ƙetare, inuwarsu a ƙasa, tsakiya fari fat. Ya ja layi uku sirara a kwance, ya ɗauke hannu.

Wani masunci, Hamisu, ya zo wucewa da koma a kafaɗa, ya leƙo.

"Ai nan ne muke ɗaure jirage," in ji shi. "Amma Baba, kukar nan ka matso da ita da yawa. Tana can bayan gonar Adamu."

Audu ya ɗaga kai ya duba. Gaskiyarsa ce.

"Gobe ka biyo, za ka tarar da ita a wurinta."

Ya koma gida bayan azahar, gefen hannunsa baƙi ƙirin. Balaraba ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta tambaya ko zai iya zana mata rijiyar gidansu ta garin Gabi, wadda ke ƙarƙashin tsamiya.

Ya ce sai ya je ya gani da idonsa. Suka sa ranar da motar kasuwa ke tafiya.