Shekarar Tsutsa

Shekara talatin da ɗaya ina kula da lambun masana'antar nan, kuma sau shida na ga tsutsa ta cinye ganyen bishiyoyin bakin ƙofa tas. Haka take yi. Shekara huɗu ba ka ganin ko ɗaya, a ta biyar sai ta ɓarke. Ta ci ta ƙoshi, tsuntsaye da zanzaro su yi ta wadaƙa da ita, yunwa ta ƙarasa sauran. Kafin wata biyu bishiya ta yi sabon toho. Mahaifina ne ya dasa su, guda goma sha biyu, kuma shi ya koya mini haƙuri da irin wannan shekarar.

To, bana sai ta zo daidai da sabon manaja, mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa a gwangwani ba. Tsutsa guda ta faɗa masa a wuyan riga, ya sa aka kira ni.

"Baba, bishiyoyin nan sun mutu."

"Ba su mutu ba, yallaɓai. Shekararta ce. Ka ba su wata biyu."

Na kankare ɓawon reshe da farce, na nuna masa ɗanyen kore a ciki. Wayarsa yake kallo.

"Manyan baƙi za su zo ran Litinin. Ka je ka huta gobe, ka gaji."

Ni kuma, tsohon banza, har godiya na yi.

Ran Litinin na tarar da kututture goma sha biyu, an share garin katakon, an jera tukwanen furen roba a kai. Na zauna a kan na farko, ruwan itacen na manne mini a wando. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar ranar ba, kuma har yau ban huce ba.

Bayan sati uku manajan ya leƙo ta taga yana fifita da takarda.

"Baba, rana na dukan ofishin nan. Ka dasa mana wasu. Yaushe za su yi inuwa?"

"Shekara ashirin, yallaɓai."

"Kai, da nisa. Ni shekara biyu zan yi a nan."

Shekarata sittin da huɗu. Na je na ɗauko shebur.