Biyu da Biyu a Soron Baba Modu

"Ɗalha, kamar fanka nake ji tana motsi," in ji Baba Modu daga kan katifarsa.

Na ɗaga kai, sai ga fankar soron ta fara juyawa a hankali tana ƙara, bayan wata guda tana rataye ba aikin fari. A waje yara suka ɗauki ihu an kawo wuta. Duk unguwarmu ta Madabo murna ake yi, ban da ni kaɗai, don na san abin da zai biyo baya.

"Kunna mana kaset ɗin," ya ce. "Saura minti huɗu."

Baba Modu maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, a gidansa na yi rabin ƙuruciyata. Kakansa daga Barno ya zo. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana sayar da ƙanƙara a bakin titi: ya saro manyan bulo, ya binne su cikin dusar katako, ya lulluɓe da buhu, ya wuni yana kokawa da rana. Ko ɗan guntu ya faɗi ƙasa sai ya ɗauka ya wanke. To wannan mutumin ne ɗan ƙanensa Haruna, mai karatu a Kanada, ya aiko wa akwatin bidiyo da kaset guda ɗaya. A ciki Haruna ya naɗo bitar wata kakar wasa da ta wuce, tun daga wasan farko har na ɗaukar kofi, ta wani wasa da Turawan can suke yi da sanduna a kan ƙanƙara.

Ranar da muka fara kunnawa, Baba ya matso kusa da talabijin ɗinsa, ya nuna hoton da yatsa.

"Duk filin nan ƙanƙara ce?"

"Ita ce, Baba."

"Kuma da takalmi suke hawa?"

"Takalmin ma da wuƙa a ƙasansa."

Ya yi salati, ya ce a kashe, ba zai zauna ya kalli almubazzaranci ba. Juma'ar da ta zagayo sai ga aike ina cin abinci, wai in zo in kunna masa mahaukatan nan ya ƙara ganin iyakar haukansu.

Shi ke nan ya kamu. Ya zaɓi masu jar riga, ya sa musu suna Jajaye, ba don komai ba sai don an lallasa su a wasanni uku na farko ya ji tausayinsu. Mai tsaron gidansu, da ke rufe fuska da ragar ƙarfe, shi ne Mai Kwando. Ɗan baƙin abin da suke bi da sanda kuwa ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi burge shi shi ne shari'arsu: in biyu suka dambace, alƙalin wasa ya kai su wani ɗan ɗaki ya kulle minti biyu, su fito a ci gaba. Lokacin sojoji suna shirin miƙa mulki, Baba ya ce da shi za a tambaya, wannan dokar za a fara kawowa, a kulle mutum kuma a gaya masa lokacin fitowa.

Ya kafa ƙa'ida, minti goma duk Juma'a bayan la'asar, ko daƙiƙa ba a ƙarawa. Na ce masa kaset ɗin awa uku ne, a zama ɗaya za mu gama. Ya ce su shekara suka yi suna wahala, rashin kunya ne ya cinye musu ita a yini guda. Ni ne tafinta, tunda ni malamin firamare ne. Gaskiyar magana, Baturen da ke bayani ta hanci yake magana kuma da gudu, cikin kalma goma in na kama biyu na gode Allah. Sauran nakan cike daga kaina. Na aurar da 'yan wasa, na ba wasu gadon gonaki, na haɗa mai lamba tara rigima da surukinsa.

Da Jajaye suka kai zagayen ƙarshe, Baba ya tare Malam Mikail, limamin unguwa, ya ce a sa su a addu'a.

"Modu, an ce wasan nan shekara shida da yin sa," in ji Liman. "Abin da ya riga ya wuce me za a roƙa a kansa?"

"A wurinku ya wuce. Ni ban gani ba tukuna."

Liman ya ce zai duba littattafai. Baba bai jira ba, ya sa matarsa Ya Kaka ta soya ƙosai aka raba wa yara. Ita kuwa tana suya tana mita, wai tunda take ba ta taɓa yi wa arnan da ba su san da ita ba sadaka ba sai a gidan Modu.

Aka zo wasan ƙarshe. Biyu da biyu, saura minti huɗu, Mai Kwando ya durƙusa a bakin raga, sai wuta ta ɗauke. Ashe taransifomar unguwa ce ta ƙone. Kwana uku bayan nan Baba ya faɗi a wurin sana'a, aka kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce ta gaji.

A nan nawa laifin ya shigo. Ranar da za a rantsar da farar hula na ce lallai sai na naɗi bikin don 'yan ajina, tarihi ne. Na ari akwatin a wurin Ya Kaka, na ɗora a kan babur zuwa shagon surukina Gambo a Ƙofar Dawanau, inda akwai janareto. Na ajiye sabon kaset a kan benci na fita alwala. Da na dawo Gambo ya ce komai ya zauna, akwai kaset a ciki. Na zaci nawa ya saka, shi kuma ya zaci ni na saka. Na danna jan maɓalli, muka zauna muna tafa wa dimokuraɗiyya. Sai da aka tashi na ga kaset ɗina a kan benci, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na Baba ne a ciki tun ranar da wuta ta ɗauke, yana tsaye daidai inda ya tsaya.

Ban gaya wa kowa ba. Aka sallamo Baba, ya ce a shimfiɗa masa a soro kusa da talabijin. Kullum na shiga gaishe shi sai ya ce, "Su Mai Kwando suna can a tsaye suna jiranmu." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, duk unguwa ni kaɗai nake addu'ar kada a gyara taransifoma.

To ga shi an gyara. Malam Mikail da ya zo dubiya ya gyara zama. Ya Kaka ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida da ludayi a hannu. Na mayar da kaset ɗin baya kaɗan, na kunna. Ga fili fari fat, ga Jajaye, ga Mai Kwando ya durƙusa. Baba ya ɗago kai daga matashi. Hoton ya yi tsalle, sai ga 'yan sanda masu badujala suna maci, ga wani mutum cikin babbar riga ya ɗaga hannu sama.

Baba ya ƙura ido. "Wannan wane ɓangaren yake buga wa?"

Na durƙusa na faɗi komai, har alwalar. Na fi son ya zage ni, amma ya daɗe yana kallon mai babbar rigar.

"Wato farar hula sun hau," ya ce, "da ni suka fara."

Liman ya kau da kai yana gyaran murya. Ni kunya da tausayi suka rufe ni, sai bakina ya yi abin da ya saba. "Amma Baba, na ga ƙarshen kafin ya goge. Jajaye ne suka ci."

"Wa ya zura?"

"Mai lamba tara."

"Mai lamba taran da aka fitar a kan makara tun kafin Babbar Salla?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗalha, wata biyar kana shirga mini ƙarya a soron nan, ina sane, kuma ina jin daɗinta. Wannan ɗayar kam kada ka yi mini. Ɗauko takarda ka rubuta wa Haruna."

Haruna bai taɓa ba mu lambar waya ba, mu ma ba mu da inda za a kira mu. Baba ya faɗa na rubuta, gaisuwa layi ɗaya, tambaya layi ɗaya. Ya ce wasiƙa sati nawa take yi. Na ce uku zuwa, uku dawowa, in an yi sa'a. Ya lissafa da yatsu, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura.

"To," ya ce, "a buga mu gani."

Ya buga iyakar ƙarfinsa. Maganin da da yake tofarwa a bayan katifa ya koma shanyewa, ya daina cin gishiri ba tare da an yi faɗa ba. Kullum da safe, tun wasiƙar ba ta bar Kano ba, sai ya tambaye ni ko na leƙa akwatin gidan waya. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ranar Talata da hantsi, Liman yana kusa da shi, ya yi kalmar shahada ya cika. Na yi kuka a maƙabarta fiye da 'ya'yansa, mutane suna cewa Allah sarki, maƙwabtaka. Ni na san minti huɗu nake yi wa kuka, waɗanda na ɗauke wa mutumin da bai taɓa hana ni komai ba.

Amsar ta iso ana gobe sadakar arba'in. Washegari na shiga da ita cikin gida, na tarar da Ya Kaka a tsakar gida tana kasa waina a faranti. Tun rasuwar ban iya haɗa ido da ita ba.

"Ta Haruna ce?" ta ce. "Karanta. Wa ya ci?"

Na karanta mata yadda yake, ban ƙara ko wasali ba. Saura daƙiƙa arba'in a tashi aka zura wa Jajaye, ƙuli-ƙulin ya bi ta tsakanin ƙafafun Mai Kwando. Ɗaya ɓangaren suka ɗauki kofi.

Ta ajiye wainar da ke hannunta. "Ta tsakanin ƙafafunsa?"

"Haka ya rubuta, Ya Kaka."

"Da Modu ya ga wannan, ko kwana sha ɗayan ba zai yi ba." Ta goge hannu a zani, ta karɓi takardar. "Ka daina sunkuyar da kai in ka shigo gidan nan, Ɗalha. Biyu da biyu ya tafi ya bar su, ba a ci shi ba."

Ta miƙo mini faranti in kai wa maza a waje. Da na kai bakin soro na waiwaya. Tana zaune a kan tabarma ta buɗe wasiƙar a cinyarta, ta riƙe ta a juye tunda ba ta karatun boko, tana bin layukan da ɗan yatsa a hankali.