Kujera ta Uku

Ranar da Attahiru ya shigo Aliero da motar, mutane barin albasa suka yi a rana suka fito kallo. Ja ce wur, gajera kamar ta durƙusa, ƙofa biyu, kujera biyu, ƙararta kuwa har cikin ƙirji ake jin ta. Wajen wani Bature injiniyan hanya ya saye ta a Jega, wanda ya gama aikinsa zai koma gida. Kuɗin albasar shekara guda cur ya zuba.

Matarsa Safara'u ta leƙo daga zaure da 'yarsu Kulsum a goye, ta dubi motar gaba da baya.

"Maigida, buhu nawa taka ɗauka?"

"Ba ta buhu ba ce, motar tsere ce. Ɗari biyar kaɗai anka ƙera duk duniya, daga nan sunka rufe. Kin san albasa in ta yi ƙaranci? Hakanan wagga. Aje ta za mu yi ta yi tsada. Nan da shekara biyar ta fi fadamarmu daraja."

"To yarinyag ga fa, ina za ta zamna?"

Ya yi dariya, ya ce ita komai sai ta kawo lissafi. Ita ba ta yi dariya ba. Kuma ba ta daina tambayar ba. Duk sanda ya ɗauko zancen motar, sai ta ce, "Kujera biyu, mu uku."

Ya yi mata rumfar zana a gefen rudun da yake ajiye albasa, ya ɗora ta kan duwatsu don kada tayoyi su lalace, ya rufe ta da tamfol. Kowace Juma'a yakan yaye, ya goge, ya tayar da ita ta ɗan yi gurnani. A majalisa kuwa ba wanda bai ji ba: motar Attahiru ta fi fadama. Wasu suna gaskatawa, wasu suna ƙunshe dariya, amma ba mai musa masa ido da ido, don mutum ne mai sakin hannu. Sau ɗaya ya sauke ta daga kan duwatsun ya tafi Jega da ita, ya kwana biyu, ya ce juyen mai ya kai ta.

Wata biyu bayan haka, cikin tsakiyar bazara, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ciwon wuya ya biyo. Kwana huɗu ya yi.

Safara'u ta yi takabarta a ɗaki, rumfar motar tana kallon tagarta. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga tamfol ɗin ba.

Da ta fita takaba, yayan mamacin, Mu'azu, ya kira Malam Yahaya don rabon gado. Attahiru bai bar ɗa namiji ba, iyayensa kuma sun riga shi. Malam ya bayyana: Kulsum tana da rabi, uwarta tumuni, abin da ya rage na Mu'azu. Dukiyar kuwa abu biyu ce mai nauyi, fadamar albasa da mota.

"Malam, abin ya zo da sauƙi," in ji Mu'azu. "Ƙanena da bakinai yac ce motar ta fi fadama. Kowa ya ji. To a ba marainiya da uwarta abin da yaf fi, ni in riƙe ƙasa. Ba ni son a ce na ci haƙƙin ɗiyar ɗan'uwana."

Safara'u tana bayan asabari tana ji. Ta san Mu'azu ba mugu ba ne. Shi ya wanke ƙanensa, shi ya ciyar da su wata huɗu. Wataƙila ma ya gaskata abin da yake faɗa. Amma ita a Maiyama ta tashi, gidan manoma, kuma ta san ƙarfe ba ya tsiro. Kulsum shekararta uku. Kafin ta isa makaranta, ɓera ya gama da kujerun motar. Fadama kuwa kowace shekara tana nan.

"Allah gafarta Malam," ta ce. "Ina roƙon a kira masu sayen mota su yi mata kima tukun."

Mu'azu ya juyo wajen asabarin.

"Safara'u," in ji Mu'azu, "maganar mijinki ce ba ki yarda da ita ba?"

Malam Yahaya ya ce haƙƙinta ne, ya ba da mako guda.

Ranar kasuwar Jega ta goya Kulsum ta shiga motar haya. A bakin tasha aka nuna mata Maiwada, dillalin motoci, wani kakkauran mutum da goro a kumatu. Tana fara kwatance ya tari numfashinta.

"Jar nan ta Baturen hanya? Wayyo. Ni Baturen ya fara kawo ma ita, baiwar Allah. Na ce mai in kyauta ce ma sai na yi shawara."

"Ka zo ka faɗi haka gaban Malam?"

Ya daina tauna goron, ya dube ta, ya dubi yarinyar da ke bayanta.

"Kin san abin da za a ce da mamacin in na faɗa?"

"Na sani."

Ta sani ɗin. Duk hanyar komawa Aliero abin da take juyawa ke nan. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, wanda in ya dawo daga kai albasa kudu sai ya riƙo mata ko da ɗankwali ne, shi za ta tsayar a bainar jama'a a yi masa dariya, kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Ta gyara goyonta. Ƙafafun Kulsum suna lilo a kwiɓinta, ɗumi-ɗumi.

Ran Talata da hantsi Maiwada ya zo da wani abokin sana'arsa. Unguwa ta taru kamar ranar da motar ta shigo. Safara'u ta tsaya a bakin zaure, ta ja mayafi har goshi. Aka yaye tamfol, aka sauke ta daga kan duwatsun. Jan fentin na nan yana sheƙi, yadda ya bar shi.

Maiwada ya zagaya, ya durƙusa, ya sa tafin hannu tsakanin cikin motar da ƙasa.

"Malam, ka ga nan? Yatsa huɗu. Wagga ko kunyar gyaɗa ba ta ƙetarewa. A kai ta ƙauyen Andarai da damina, sai a ɗauko ta bisa kai."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Amma ɗari biyar kaɗai anka ƙera," in ji Mu'azu da zafi.

"Shi ne ciwon, Alhaji. In fitila ta fashe, ina sauran ɗari huɗu da casa'in da tara da za a ciro wata? Can ƙasarsu ƙila tana tsada, ban musa ba. Nan kuwa mota fasinja ce da buhu. Wagga mutum ɗaya taka ɗauka, shi ma sai in ba shi da tumbi irin nawa."

Wannan karon ba a ɓoye dariyar ba. Daga baya wani ya ce, "Allah ya jiƙan Attahiru, ya yi ajiyar albasar da ba ta tsada." Safara'u ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska. Ta danne leɓenta da haƙori.

Maiwada ya buɗe ƙofa, ya tura kujerar direba gaba don ya duba bayanta. Sai ya tsaya.

"Af. Wa yay yi wannan aiki?"

A ɗan ramin da ke bayan kujerun, inda aka yi don jaka, an yanke ƙarfe an faɗaɗa. An kafa wata 'yar kujera da ƙusoshi, an lulluɓe ta da jar leda, irin ɗinkin masu kujerun babur na Jega. Har da ɗan madauri na fata.

"An ɓata ta," in ji abokin Maiwada yana girgiza kai. "Ko mai son irinta daga Ikko ya zo, ya ga an yanka jikinta, ya fasa. Da ba a taɓa ta ba, da ta yi kuɗin babur biyu. Yanzu ɗaya, shi ma da ƙyar."

Safara'u ba ta ji sanda Kulsum ta zame daga hannunta ba. Sai ganinta ta yi ta ratsa ƙafafun manya, ta haye cikin motar kamar wadda ta saba, ta zauna daram a 'yar kujerar, tana ƙoƙarin jawo madaurin.

"Tawa ce," ta gaya wa Maiwada. "Baba ya ce kar a gaya ma Inna. Sai ran Salla, in za mu Maiyama."

Ba wanda ya sake dariya. Mu'azu ya juya baya ya fuskanci bango.

Malam Yahaya ya gyara murya.

"Dillalai biyu sun yi kima, kuɗin babur guda. In haka ne, sai a sayar a raba kuɗin, fadama kuma a auna ta, rabi na yarinya, tumuni na uwarta. Mu'azu, kana da magana?"

Mu'azu ya girgiza kai, bai juyo ba.

"Safara'u, kin yarda da wannan kima?"

Ta dubi jar ledar, da ɗinkin da ya ɗan karkace a gefe guda. Kwana biyu ya yi a Jega. Ta tuna yadda ya dawo yana ta murmushi, ita kuwa ta tare shi da faɗan kuɗin mai.

"Na yarda," ta ce.

Da la'asar aka tura motar bisa katakai zuwa bayan wata babbar motar albasa. Kafin nan Maiwada ya sa aka kwance 'yar kujerar, ya ce ba ta cikin ciniki, ya ajiye ta a bakin zaure bai dubi kowa ba. Mu'azu ya zo wucewa, ya tsaya.

"Kin tsare ma yarinya ƙasarta," ya ce a hankali. "Gobe in an yi asuba sai a auna."

Ya tafi. Safara'u ta ɗauki kujerar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Kulsum ta riƙo gefen zanenta, tana kallon babbar motar da ke fita hanyar Jega.

"Inna, in an kai ta can, da mi za mu Maiyama?"

"Da motar haya," in ji Safara'u. "Taho mu shiga ciki."