Ɗakin Mujallu na Bene na Biyu

A ɗakin karatu na jami'ar, doka ce: in ka gama da mujalla, ka bar ta kan tebur. Da yamma ma'aikata su ƙirga abin da aka bari, da haka ake sanin sashen da ke da masu karatu. To amma a ɗakin mujallu na bene na biyu, dokar nan ta daɗe da mutuwa. Matar da ke riƙe da ɗakin, wadda ɗalibai ke kira Inna Mujalla, tana fama da ciwon baya, kuma yaran sun san hawa tsani azaba ne gare ta. Kowa ya gama sai ya mayar da mujallar inda ya ɗauko, har da tsokana: "Inna, zauna, kada ki karye mana."

Wa ya fara wannan? Dogo, ɗan ƙanwarta, wanda ya yi karatunsa kaf a gidanta. Yanzu ya zama Dakta, yana bincike kan abin da malamai ke wallafawa da abin da ake karantawa. Ranar da ya zo neman ƙididdiga, jiki na rawa ta kai shi ofishin da ake ajiye ƙididdigar da kanta. "Ɗana ne, ku ba shi duk abin da yake so."

A taron ma'aikata ta ji sakamakon. Shugaban ɗakin karatu ya ce bincike ya nuna ɗakin mujallu ba mai shiga, saboda haka za a daina sayen mujallun, a mai da ɗakin wurin taro. Dariya ta fara yi. Ɗakin da ake faɗa kan kujera? Sai shugaba ya karanta sunan mai binciken, dariyar ta maƙale. Ashe da ɗan gari kan ci gari.

Ta sami Dogo a ofishinsa, ko zama ba ta yi ba.

"Dogo, ka san abin da ya sa teburana ke wayam, ko ba ka sani ba?"

"Inna, ƙididdiga ce, ba ni na ƙirƙira ba."

"Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Amma da na rubuta haka, binciken ya rushe. Da shi nake neman ƙarin girma."

"To je ka faɗa wa shugaba, ko da baki ne."

"In na faɗa, janye takardar za a yi. Ki yi haƙuri, Inna, ina da aji."

Wallahi da mari ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. A matakala ta yi kukanta, ba ta damu da masu wucewa ba.

Ranar kwashe kaya, mujalla ta ƙarshe ta iso, kuma binciken Dogo na ciki. A ƙasan shafi ya rubuta godiya ta musamman ga innarsa, wadda ba don ita ba aikin ba zai yiwu ba. Ta karanta, ta buga hatimi kamar yadda ta saba, ta saka a kwali.

Ɗalibai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa da littattafansu, babu wurin zama. Ɗaya daga cikin masu kwasar kaya ya matso yana sosa ƙeya.

"Inna, ki gafarce ni. Kujerar da kike kai ma an ce mu fitar."